Bakin Katako

Ranar da Malam Tasi'u ya dawo daga Kano da akwatin nan, matarsa Hafsatu tana tsakar gida tana matsar man gyaɗa. Ta ji tsayuwar babur ɗinsa a ƙofar zaure, ta ji yana kwance igiya, sannan ya shigo rungume da wani dogon akwatin katako. Ta ɗauka littattafai ne. Malamin firamare ne a ƙauyensu na Unguwar Marke, kusa da Zakirai, kuma sati biyu ke nan yana wani taron bita da wata ƙungiya ta shirya wa malaman karkara a kan haɗarin maganin feshi.

"Sannu da zuwa, Malam. Ya hanya?"

"La-la-lafiya ƙalau," ya ce.

Shekara goma sha tara da aurensu, ta saba da in'inarsa har ba ta jin ta. Mutum ne da magana take yi wa nauyi, don haka ya koyi taƙaita ta. A aji rubutu yake yi a allo, ya sa yara su rera. A gida kuwa yakan wuni bai furta kalma talatin ba. Wuri biyu kaɗai harshensa yake sakewa: in yana karatun Alƙur'ani, da in yana kwaikwayon muryar wani. Tun suna amarci yakan yi mata kukan zabo ko muryar mai tallan gishiri, ta yi ta dariya. An daɗe da daina wannan a gidan.

Ya sha ruwa, ya zauna a tabarma, ya buɗe akwatin. Abin da ya ciro ɗan mutum ne na katako, girmansa kamar yaro ɗan shekara uku, sanye da shuɗiyar riga da hula. An yi wa fuskarsa fenti mai sheƙi. Idanun gilashi ne, a buɗe tarwai. Daga kowane gefen bakinsa akwai tsaga da ta sauka zuwa haɓa, kuma murmushi yake yi.

Tasi'u ya ɗora shi a cinya, ya zura hannu ta bayansa. Kan ya ɗago a hankali. Ya dubi rumbu, ya dubi akuyar da ke ɗaure a turke, sannan ya juyo ya tsaya a kan Hafsatu.

"Salamu alaikum, uwargida! Sannu da aiki. Sunana Kamilu. Wannan ƙamshin man gyaɗa ai tun daga bakin titi ya tare mu!"

"Wa alaikumus salam," ta ce.

Sai da ta amsa sannan ta gane abin da ta yi. Muciyar hannunta ta suɓuce ta faɗa cikin turmi. Muryar siririya ce, mai sauri, ba gargada ko ɗaya. Ta dubi bakin mijinta. Leɓɓansa a ɗan buɗe suke, ba sa motsi, maƙogwaronsa kawai ke ɗan hawa da sauka. Yana kallon ɗan katakon kamar shi ma baƙo ya yi.

"Malam, mene ne wannan?"

Tasi'u ya yi dariya, irin wadda ta manta yana da ita. Da ƙyar, yana tsayawa yana tashi, ya yi mata bayani. Tun wata huɗu da suka wuce wani malami daga ƙungiyar ya ji shi yana kwaikwayon murya, ya turo masa hotunan bidiyo a waya na yadda ake magana ba a motsa baki. A gona ya yi ta koyo, yana duba madubin babur. A wajen bitar ya fi kowa iyawa, shi ya sa aka ba shi wannan don ya riƙa koyar da yara da shi.

"Ka-katako ne kawai, Hafsatu. Ta-taɓa ki ji."

Ba ta taɓa ba. Ta ce hannunta da maiƙo.

Kafin la'asar labari ya kai sashen mahaifiyarsa, Inna Aina'u, wadda ke zaune tare da wansa Malam Abdulkabir, katanga ɗaya tsakaninsu. Tsohuwar ta shigo tana dogara sanda. Da Kamilu ya gaishe ta, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska tana a'uziyya. Tasi'u ya juya mata bayan abin, ya nuna mata ramin da yake zura hannu, da sandar da ke juya kai, da 'yar igiyar da ke buɗe baki.

"Na ga igiyar baki," in ji Inna. "To muryar fa, ina igiyarta?"

"Ni-ni ne, Inna."

"Kai na haifa. Na san muryarka tun kana kukan nono. Wannan ba ita ba ce."

Malam Abdulkabir, wanda yake da makarantar allo a ƙofar gida, bai yi dogon zance ba. Ya ce tunda don koyar da yara ne ba zai hana ba, amma kada a kwana da mutum-mutumi a ɗakin da ake salla. Aka yanke a ajiye shi a ɗakin ajiya. Ɗakin ajiyar kuwa nan Hafsatu take jibge buhunan gyaɗarta, tana shiga sau uku ko huɗu kullum.

Da aka koma makaranta, Kamilu ya zama abin magana a Unguwar Marke. Yaran da ake kora makaranta da tsumagiya suka riƙa tafiya tun kafin a kaɗa ƙararrawa. Suna dawowa gida suna rera waƙar da ya koya musu, ta cewa robar feshi ba ta shan ruwa ba ce. Matan da ke zuwa sayen ƙuli-ƙuli wajen Hafsatu sukan leƙa ta gefen ido zuwa ɗakin ajiya. Wasu suna dariya, wasu suna tambayarta a hankali ko da gaske ne abin yana cin abinci. Wata ma ta daina aiko da kwanonta.

Wata Laraba da hantsi, Tasi'u yana taron malamai, Hafsatu ta shiga ɗebo gyaɗa. Akwatin a buɗe yake. Saboda danshin damina Tasi'u ya fito da Kamilu ya zaunar da shi a kan buhu don ya sha iska, ya manta bai gaya mata ba. Ta tsaya a bakin ƙofa. Hasken taga ya sauka daidai idanunsa. Ta gaya wa kanta katako ne, ta kawar da kai, ta sunkuya ta ja buhun da ke kusa. Buhun da yake kai ya motsa. Kan ya karkato wajenta, haɓar ta faɗo ƙwas, baki ya buɗe.

Ba ta gudu ba nan take. Abin da ya fi ba ta tsoro daga baya ke nan, in ta tuna. Tsayawa ta yi, da kwarya a hannu, tana jira ta ji abin da zai ce.

Maƙwabciyarta Sakinatu ta same ta zaune a bakin murhu, gyaɗa na ƙonewa a kasko. Sakinatu babbar mace ce mai ƙarfin hali, ita ake kira in za a yi wa mace wankan gawa a unguwar. Da ta ji abin da ya faru ta tuntsire da dariya, ta ce bari ta ga dodon. Ta shiga. Ta ɗan jima. Da ta fito ba ta dariya, ta jawo ƙofar ta sa sakata.

"Na rufe masa fuska da tsumma," ta ce. Ta zauna, ta karɓi ludayin ta kwashe gyaɗar. "Kin san ni gawa ba ta ba ni tsoro. Gawa ta gama nata, kuma ana rufe mata ido. Wannan bai fara ba, bai gama ba. Ga fuska irin ta mutum, ba numfashi. Ka kalle shi, kai za ka gaji ka ƙifta, shi ko a jikinsa. Kuma murmushin nan, ko mutuwa aka faɗa masa haka zai yi ta yi."

"Na san Malam ne yake maganar," in ji Hafsatu. "Wallahi na sani. Amma in ya fara, ba Malam nake kallo ba."

"Kowa ma haka. Har hedimasta an ce gardama yake yi da shi."

Da yamma Tasi'u yakan fito da shi tsakar gida ya yi gwaji kafin magariba. 'Yarsu ɗaya, Ikilima, tana makarantar kwana, don haka Hafsatu ce kaɗai mai sauraro. Wata rana tana kaɗa miya, ta ba su baya, Kamilu ya ce, "Uwargida, yau ma kuka ce?"

"Kuka ce," ta ce, ba ta waiwayo ba.

"Kash! Ai Malam ba ya son miyar kuka. Shekara goma sha tara yana rufe ido yana haɗiyewa."

Ta yi dariya, ta waiwayo. "Da gaske, Malam?"

"Wa-wa-wasa ne," in ji Tasi'u.

Kan katakon ya juya ya kalli Tasi'u, sannan ya dawo kanta. "Ba wasa ba ne," ya ce.

Tasi'u ya ƙyalƙyale da dariya. Ita ma ta yi ƙoƙari. Amma dariyar ba ta zo ba, ta koma kan tukunyarta. Ba miyar ce ta dame ta ba. Duk shekarun nan ta ɗauka mijinta ba ya magana ne don maganar tana yi masa wuya. Yau ta gane maganar tana nan a ajiye a cikinsa, kalma kalma, ba ta ruɓe ba. Baki ne kawai ba ta samu ba. Yanzu kuma ya shigo da baki cikin gidan. In har ya riƙe zancen miya shekara goma sha tara, to ɗaya maganar fa?

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce suna da wata 'ya, Ummi, ƙanwar Ikilima, 'yar shekara uku. Lokacin feshin wake ne. Tasi'u ya dawo daga gona da robar magani, ya ɗora ta a kan katanga, ya shiga wanka. Hafsatu tana son irin robobin nan, masu kauri da murfi mai kyau. Takan wanke su ta zuba wa Ummi kunun zaƙi a ciki, yarinyar har ta san su a matsayin nata. Ta sauko da robar don ta wanke, sai ta ji ƙaurin gyaɗa a wuta. Ta ajiye ta a gindin randa ta ruga. Ba ta san da sauran magani a ciki ba. Da ta waiwayo, Ummi tana tsaye da robar a hannu biyu, tana yamutsa fuska.

A babur suka kai ta asibiti, Hafsatu na rungume da ita a baya. Ba ta kai la'asar ba.

Mutane suka zo gaisuwa, suka ce ƙaddara ce, kwana ne ya ƙare. Hafsatu ta yarda da haka, tana faɗa wa kanta kullum. Tasi'u kuwa, daga ranar har yau, bai taɓa ce mata komai a kai ba. Bai ce laifinki ne ba. Bai ce ba laifinki ba ne.

Sati biyu bayan maganar miya, ya gaya mata hedimasta ya sa ranar taron iyaye, Asabar mai zuwa. Za a gayyato maza da mata, har da mai unguwa. Kamilu zai yi wa iyaye bayani a kan robobin feshi.

"I-ina so ki zo," ya ce.

"Ina da suya ranar."

"Ki-ki zo, Hafsatu."

Daga ranar ya daina gwaji a tsakar gida. Yakan shiga ɗakin ajiya bayan la'asar ya turo ƙofa. Ranar Talata ta zo wucewa da bokitin ruwa, ta ji siririyar muryar nan ta cikin ƙofar tana cewa, "...'yar shekara uku, ba ta ma iya faɗin sunanta daidai ba..." Ta dire bokitin, ruwa ya fantsamar mata a zane. Muryar ta yi shiru. Ta ɗauki bokitin ta wuce da sauri.

Kwana uku abinci ba ya wuce mata. Ta ƙona gyaɗa kasko biyu. Sau biyu ta buɗe baki za ta tambaye shi, sai ta ga yana duba takardun yara da jan biro kamar kullum, ta fasa. Me za ta ce? In ta tambaya, zai ce wa-wasa ne. Kuma in aka faɗa a gaban jama'a, wa za ta riƙe? Kowa zai ce ai ɗan katako ne ya faɗa.

Ranar Juma'a, da maza suka tafi masallaci, gidan ba kowa, ta iza wuta a murhu har ta yi harshe. Ta shiga ɗakin ajiya, ta buɗe akwatin ba tare da ta dubi fuskar ba, ta sa hannu biyu a hammatarsa ta ɗago shi. Ta yi zaton zai sandare kamar itace. Ashe jikin na tsumma ne da auduga. Ƙafafun suka yi reto, kan ya faɗo a kafaɗarta. Nauyin, da yadda ƙafafun ke bugun cinyarta tana tafiya, jikinta ya san su tun kafin hankalinta ya gane. Haka ta sauko da Ummi daga babur a ƙofar asibiti.

Ba ta kai murhun ba. A tsakiyar gida ta durƙusa da shi a ƙirji, ta yi kuka ba sauti har wutar ta cinye ta zama garwashi. Sannan ta mayar da shi, ta gyara masa hula, ta rufe akwatin.

Asabar da safe Sakinatu ta biyo mata. Hafsatu ta ce kanta ke ciwo. Sakinatu ta dube ta, ta ɗauko mata hijabi daga igiya ta miƙa mata. "In ba ki je ba, a bakin wasu za ki ji, kuma sai sun ƙara gishiri. Tashi."

An jera benci a ƙarƙashin bishiyoyin darbejiya na makarantar, maza a dama, mata a kan tabarmi a hagu, yara a gaba. Hafsatu ta zauna can baya, kusa da hanya. Bayan addu'a da jawabin hedimasta, Tasi'u ya fito da kujera ya zauna, ya ɗora Kamilu a cinya. Yara suka sa ihu.

Da farko raha ce. Kamilu ya gaida mai unguwa, ya tambaye shi ko hular nan tasa ta aro ce. Ya ce ya ga wani magidanci yana feshi ba takalmi ba ƙyallen rufe hanci, yana gamawa ya sa hannu a kwanon ɗanwake. Maza suka yi ta nuna juna suna dariya. Duk lokacin da Tasi'u ya yi ƙoƙarin tsawatar masa, in'ina ta riƙe shi, Kamilu ya riga shi. Har Malam Abdulkabir ya sunkuyar da kai yana murmushi.

Sannan Kamilu ya ce, "To, yanzu zan ba ku wani labari. Wannan ba na dariya ba ne."

Murmushin fentin yana nan yadda yake. Kan ya juya a hankali daga ɓangaren maza zuwa na mata. Hafsatu ta san gilashi ba ya gani, amma ta ja hijabi ta rufe baki. Sakinatu ta dafa mata gwiwa.

"A wani gida an yi wata yarinya 'yar shekara uku. Ba ta ma iya faɗin sunanta daidai ba. Ubanta ya je feshin wake, magani ya ragu kaɗan a roba, kamar cokali uku. Mutumin nan ya yi makaranta. Ya iya karanta abin da aka rubuta a jikin robar. Ya ga hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa, ya san ma'anarsa. Amma ya ce cokali uku ma magani ne, ba zai zubar ba. Ya kawo gida ya ɗora a katanga."

Manya duk sun gane gidan. Wasu mata suka fara waiwayowa.

"Da ya shigo, matarsa tana tsakar gida. Ya dube ta, ya yi niyyar ya ce mata, akwai saura a ciki, kada a taɓa. Kalma bakwai. Amma mutumin nan magana tana yi masa wuya, ga gajiya. Ya ce a ransa bari in yi wanka tukuna. Yana banɗaki ya ji ihu."

Muryar ta tsaya. Haɓar katakon ta buɗe, ta rufe, ba abin da ya fito. Karo na farko tun da aka fara, mutane suka ɗauke ido daga kan Kamilu suka dubi mai riƙe da shi. Hawaye ne ke bin fuskar Tasi'u har cikin gemu, ga abin cinyarsa yana ta murmushi. Wata yarinya a gaba ta fashe da kuka, yayarta ta ɗauke ta.

Hafsatu ba ta ji ƙarshen ba. Ta miƙe, ta bi ta bayan ajujuwa, ta ratsa gonar dawa har gida, takalminta ɗaya a hannu.

Bayan azahar ya shigo. Tana zaune a ƙofar ɗakinta, ba ta hura wuta ba. Ya ajiye akwatin, ya tsuguna, ya kai hannu zai buɗe.

"A'a," ta ce. "Kada ka buɗe. In da magana, da bakinka za ka yi min. Ko za mu kai magariba, ina jira."

Ya janye hannun. Ya zauna a ƙasa, ba tabarma.

"Me ya sa sai a gaban mutane, Malam? Ni da nake cikin gidan nan, ban isa a gaya min ba?"

"Na-na gwada. Sau da-da yawa. In na zo ba-bakin... ba ya fi-fita."

"Shekara goma sha ɗaya ina zaune da kai ina jiran ranar da za ka ce ni na kashe ta. Kwana huɗun nan ban runtsa ba. Jiya saura kaɗan in ƙona abin nan."

Ya ɗago da sauri ya dube ta.

"Ka cire ni daga labarin," ta ce. "Ba ka faɗi wadda ta sauko da robar ba. Ba ka faɗi wadda ta koya mata sha a ciki ba. Kowa a wurin ya sani. Yanzu ina tambayarka, kuma kada ka ce min wasa ne. Ka taɓa ganin laifina?"

Ya daɗe. Jijiyar wuyansa ta tashi, leɓɓansa suna rawa a kan harafin farko. Ta saba ta ƙarasa masa kalma in ta maƙale. Yau ba ta taimake shi ba.

"Na-na gani," ya ce. "She-shekara biyu. Ko fi. In na ga-ganki a ba-bakin randa, sai in fi-fita."

Maganar ta soke ta, amma ba kamar yadda ta yi tsammani ba. Ta ji iska tana shiga ƙirjinta har ƙasa.

"Daga baya fa?"

"Da-daga baya na ga-gane... ina ga-ganin naki ne don ka-kada in ga nawa."

Akuya ta yi kuka a turke. Ta katanga suna jin Inna Aina'u tana tambayar wani ko an ga Hafsatu ta dawo.

"Ummi," in ji Tasi'u. Sunan ya fita sumul, bai maƙale ba. Rabon da a ambaci sunan a gidan tun ranar sadakar bakwai. "U-Ummi takan ce Immi."

"Immi," in ji Hafsatu. Ta sa hijabi ta rufe fuska. Ya matso ya zauna kusa da ita a dokin ƙofa, suka zauna haka har inuwar rumbu ta iso ƙafafunsu.

Ba ta daina tsoron Kamilu ba. Ta gaya masa gaskiya, ta ce ba za ta iya kwana gida ɗaya da shi ba, kuma ba ta son ya ƙara yi mata magana da muryar nan. Ranar Litinin Tasi'u ya ɗaure akwatin a bayan babur ya kai ofishin hedimasta, can ya ci gaba da zama a saman kabad. Ko a hanya ta ji yara suna kwaikwayon muryar, sai tsikar jikinta ta tashi.

A wajen taron, bayan tafiyarta, mai unguwa ya ba da umarni a tattara duk robobin feshi da ke cikin gidaje, a huda su a binne a bayan gari. Maza ba sa shiga gidajen mutane, don haka aka ce mata biyu su zagaya. Sakinatu ta ce ita ce ta farko. Ba wanda ya yi tunanin tambayar Hafsatu. Ita ta aika ta ce ita ce ta biyu.

Ranar Alhamis suka fita da buhu. A wasu gidajen kafin su yi sallama an fito musu da robobin, ana kawar da kai don kada a haɗa ido da Hafsatu. Sun samu a gindin randa, sun samu a rataye a bakin rijiya, sun samu cike da fura za a kai gona. Kafin azahar buhun ya kusa cika.

Gida na ƙarshe na wata tsohuwa ce mai sayar da manja, Baba Tahira. Robobi huɗu ta jera a kan tire, duk cike da manja, jikokinta biyu suna wasa a gefen tiren.

"Ni fa na wanke su da toka da ruwan zafi," in ji tsohuwar. "Sau uku. Shekara nawa ina awo da su, wa ya mutu? Ku tafi kawai, Allah ya yi muku albarka."

Sakinatu ta buɗe baki za ta yi faɗa, Hafsatu ta riƙe mata hannu. Ta sauke buhun, ta jawo wata kujera 'yar tsugunno ta zauna a gaban tiren.

"Baba, ina da kwalaben man gyaɗa a gida, na gilashi, wankakku. Sakinatu za ta je ta ɗebo miki huɗu. Amma manjan da ke cikin waɗannan ba za a sayar wa kowa ba."

"Ke yarinya, ba ki ji abin da na ce ba ne?"

"Na ji, Baba. Ba sauri nake ba."

Tsohuwar ta dube ta, ta dubi jikokin, ta yi tsaki. Sakinatu ta gyara mayafi ta fita ɗebo kwalaben. Hafsatu ta jawo tiren gabanta, nesa da hannun yaran, ta zauna tana jira.